Wankin kafet: Haƙƙin mai kaya da nauyin da ke kan mai wanki

Da zarar azumi ya raba tsakiya, duk wanda ya bi manyan titunan Kano, Kaduna, Zariya ko Sakkwato zai ga katangu da shingayen wuraren wankin mota sun canza kama. Kafet ne ja da shuɗi da ruwan ƙasa a shanye, wani a kan wani, ruwa na ɗiga daga bakinsu yana gangarawa kwata. Masu Keke Napep na sauke wasu a naɗe, samari na jan wasu a kan siminti suna zazzaga musu omo. Haka lamarin yake in Babbar Sallah ta matso, ko in lokacin bukukuwan aure ya kankama a ƙarshen shekara.

Kwana biyu ko uku sai a mayar wa uwargida kafet ɗinta yana tashin ƙamshi, ta shimfiɗa, ta ji daɗi. Bayan mako guda falo ya fara wani irin wari kamar na rigar da aka manta a bokiti. Kafin wata ya cika, inda ake takawa ya yi baƙi fiye da yadda yake kafin a wanke. Tabon shayin da aka ce ya fita ya sake bayyana a inda yake. Wani lokacin ma ja ya malala cikin fari, ko kafet ɗin da a da yake kaiwa bango da bango ya tsuke ya bar tazarar tafin hannu. Idan aka koma wurin mai wanki, amsa ɗaya ce: ai dama kafet ɗin ba mai kyau ba ne. Daga nan sai a bar wa Allah.

Wannan haƙurin ya yi yawa, domin kafet ya daina zama ƙaramin kaya. Akasarin waɗanda ke kasuwa daga waje ake shigo da su, musamman daga Turkiyya, inda birnin Gaziantep ya yi fice wajen saƙar inji, da kuma Sin da kasuwannin Dubai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin shekarar, duk abin da ake sayowa da Dala ya yi tashin gwauron zabo. Uban da ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki ya san abin da kafet ɗin falo kaɗai ya ci masa. Mutanen da a da suke canza kafet duk bayan shekara biyu ko uku, yanzu lallaɓa na ƙasa suke yi. Wannan ne ya buɗe wa masu wanki kasuwa, kuma shi ne dalilin da ya sa ya kamata mai kaya ya san abin da yake biyan kuɗi a yi masa.

Babbar matsalar ita ce ma'aunin da jama'a ke auna aikin da shi. Hanci ne alƙali: in kafet ya dawo yana ƙamshi, an yi aiki. Masu wanki sun gane haka, shi ya sa turaren da ake fesawa a ƙarshe ya fi samun kulawa a kan duk abin da ya gabace shi. Alhali wankin kafet na gaskiya ya rataya ne a kan abubuwan da ido da hanci ba sa kamawa a ranar farko: an fitar da ƙurar da ke ciki kafin a zuba ruwa, an ɗauraye sabulun tas, kuma ya bushe har cikin gindinsa.

A fara da ƙura, domin a wannan yanki ita ce uwar datti. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta shigo da ita ta kowace kafa. Ga kuma yashin da ƙafa ke kwasowa daga tsakar gida. Kafet kamar rariya yake, yana riƙe wannan duka a gindin zarensa, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Yashin nan yana da kaifi. Duk takun da aka yi a kai yana goga shi a jikin zare, a hankali zaren ya kankare, ya daina sheƙi. Dalilin ke nan da ya sa hanyar ƙofa zuwa kujera take dusashewa ko da an wanke.

Mai wankin da ya san aikinsa zai fara da kafet a bushe. Zai kife shi ya bubbuge bayansa, ko ya bi shi da injin zuƙe ƙura gaba da baya, har sai ƙasa ta daina zubowa. Wanda kuwa ya shimfiɗa kafet ya sakar masa tiyo kai tsaye, ya mayar da ƙurar taɓo ke nan. Taɓon zai nutse ya liƙe a gindi, sama ta yi fes, ƙasa na ɗauke da laka. Ko a Makka, inda ake da wurin wanki na musamman a unguwar Kudai domin shimfiɗun Masallacin Harami, kakkaɓe ƙura ne matakin farko kafin ruwa ya taɓa su. Babu wani sirri a nan, aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi, kuma shi ne aka fi tsallakewa idan layi ya yi tsawo.

Sai batun sabulu, wanda a nan ne aka fi cutar mai kaya ba tare da ya sani ba. Omon wankin tufafi an yi shi ne domin yadin da za a jefa cikin ruwa mai yawa a ɗauraye sau biyu ko uku a matse. Kafet ba ya samun irin wannan gatan. Idan aka zazzaga masa gari mai yawa aka goge da burushi har kumfa ta tashi, mai kallo zai ga kamar ana aiki tuƙuru, amma fitar da wannan kumfa daga cikin zare mai kauri na buƙatar ruwa mai ɗimbin yawa. A garin da mai wanki ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ko yake ƙona fetur kafin ya jawo shi daga rijiyar burtsatse, ba sai an faɗi inda zai rage ba. Ragowar sabulun da ya bushe a jikin zare danƙo gare shi, yana kama duk ƙurar da ta sauka. Shi ya sa ake jin mata na cewa kafet in an fara wanke shi, shi ke nan ya riƙa saurin datti. Laifin na ɗauraya ne. Hanyar ganewa kuwa mai sauƙi ce: a ɗiga ruwa kaɗan a wani gefe a murza da yatsa. In kumfa ta taso, ko wurin ya yi santsi, sabulu na nan.

Kafin ma a kai ga sabulu, akwai tambayar da ya kamata mai wanki ya yi wa kansa: da wane irin zare aka saƙa wannan kafet? Galibin na kasuwa zaren roba ne, wanda ba ya shan ruwa sosai kuma yana jure wanki, sai dai yana son maiƙo, shi ya sa manja da man girki ke kama shi da ƙarfi. Akwai na ulu, wato gashin tumaki, irin dardumar da wasu alhazai da 'yan kasuwa ke sayowa da tsada. Ulu ba ya shiri da omo mai ƙarfi ko ruwa mai zafi sosai, maganin farin kaya irin su Hypo ko Jik kuwa cinye shi yake yi. Akwai kuma mai sheƙin nan da ake tallatawa da sunan siliki, wanda sau da yawa ba silikin gaske ba ne, zare ne da ake sarrafawa daga itace, wanda ke yin rauni in ya jiƙe, ya kuma yi ɗorawa-ɗorawa in ya bushe. Wasu kafet ɗin kuma bayansu na algarara ne, irin zaren buhu, wanda ke tsukewa in ya sha ruwa, ya kuma turo launin ƙasa-ƙasa zuwa sama.

Gane bambancin bai buƙatar ɗakin gwaji. Idan aka tsinko silin zare ɗaya daga gefe aka kusanta shi da ashana, ulu zai yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa zai narke ya dunƙule ya yi tauri. Haka nan kafin a jiƙa kafet mai launuka, ana jiƙa farin ƙyalle da ruwan wankin a danna a wani lungu na ɗan lokaci, a ga ko zai yi zuba. Gwajin nan bai fi minti biyar ba. Mai wankin da ya karɓi dardumar ulu da kafet ɗin roba ya yi musu wanka iri ɗaya da injin feshin wankin mota, ko sana'ar ce bai sani ba, ko kayan mutane ne bai damu da su ba. Ƙarfin ruwan injin nan an tsara shi ne domin ƙarfe da taya. A jikin kafet yana iya ɓamɓare gam ɗin da ya riƙe zare da baya, ya kuma tsefe baki.

Mataki na uku, bushewa, shi ne wanda ya shafi lafiya kai tsaye. Masana tsaftar muhalli sun daɗe suna gargaɗin cewa duk abin da ya jiƙe a cikin gida a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, domin bayan haka funfuna na iya fara tsirowa. Kafet na da yaudara a nan, samansa na bushewa da wuri alhali gindinsa na riƙe da laima. A watan Maris ko Afrilu rana na rufa wa mai wanki asiri. A watan Agusta kuwa, lokacin marka, kafet mai kauri na iya kwana uku a kan katanga bai bushe ba. In aka naɗe shi a haka aka shimfiɗa a kan siminti ko tayil a ɗakin da tagoginsa ke rufe, an dasa wa gida wari da cuta.

Wanda ya fi ɗanɗana wannan shi ne wanda hancinsa ya fi kusa da ƙasa. A gidajen Hausawa kafet ba abin takawa kawai ba ne. A kansa ake zama a ci tuwo, a kansa yara ke kwanciya su yi barci, a kansa jariri ke koyon rarrafe yana kai hannu baki, a kansa tsohuwa ke sallah. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani da ke rayuwa cikin ƙurar gida suna cin ɓarɓashin fatar mutum, kuma danshi ne ke raya su. Su da funfuna suna cikin sanannun abubuwan da ke tayar da asma da yawan atishawa da toshewar hanci. Iyalin da ke da mai asma suka kai kafet wanki domin su sauƙaƙa masa, aka dawo musu da shi da laima, sun biya kuɗi ne aka ƙara masa wahala.

Don haka mai kaya na da haƙƙin ya tambaya yadda za a matse ruwan da inda za a shanya. Wasu kamfanonin a manyan birane suna da injin da ke juya kafet a naɗe ya tatse ruwansa, wasu suna da injin zuƙa. Wanda ba shi da ko ɗaya ba laifi ya yi ba, amma sai ya faɗi gaskiya cewa aikin zai ɗauki kwanaki, ya rataye kafet ɗin yadda iska za ta ratsa shi gaba da baya, kada ya jibga goma a kan katanga ɗaya. Rana na da amfani, amma in ta yi yawa a kan fuskar kafet tana koɗar da launi, shi ya sa ya fi kyau a juya mata bayansa. Shanya a bakin titi kuwa, inda manyan motoci ke tayar da ƙura da hayaƙi a kan jiƙaƙƙen zare, aikin baban giwa ne.

Kafet ɗin da aka manne bango zuwa bango, irin na ofisoshi da otal da manyan falo, hukuncinsa daban. Tunda ba a ɗaga shi, a wurin ake wanke shi, kuma hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce injin da ke fesa ruwan ɗumi da sabulu kaɗan ya kuma zuƙe shi nan take. In an yi daidai, kafet zai kasance da ɗan danshi ne kawai, ya bushe cikin yini guda da taimakon fanka da buɗaɗɗun tagogi. Duk wanda ya zo wanke irin wannan da bokiti da burushi, babu injin zuƙa, gara a sallame shi tun daga ƙofa, domin ruwan da zai zuba ba shi da hanyar fita. Ƙwararre zai kuma sa leda a ƙarƙashin ƙafafun kujeru, don kada tsatsa ko fentin katako ya sauka a kan jiƙaƙƙen kafet. A Amurka, inda sana'ar ke da cibiyar da ke horar da masu yinta tana ba su shaida, ƙungiyar masu kamfanonin kafet na ba da shawarar a yi irin wannan wanki mai zurfi duk bayan wata 12 zuwa 18. Ƙasar da ke shan hunturu wata huɗu ko biyar a shekara ba za ta jira fiye da haka ba.

Akwai wurin da maganar ta fi nauyi, wato masallatai. Shekarun baya tabarma ce a yawancin masallatan unguwa, ana ɗaga ta a kakkaɓe a shanya. Yau kusan ko'ina kafet ne mai layin sahu, sau da yawa wani bawan Allah ne ya saya ya shimfiɗa, ya tafi da ladansa. Abin da ba a cika tanada ba shi ne kuɗin kula da shi. Mutane na shigowa da ƙafa jiƙe daga wurin alwala sau biyar a rana, ga zufa, ga ƙurar titi, kuma a wannan shimfiɗar ce ɗaruruwan mutane ke ɗora goshi da hanci. Akwai masallatan da in mutum ya yi sujada sai ya riƙe numfashi. Maganin da aka saba yi shi ne turaren wuta da feshin ƙamshi ranar Juma'a. Kwamitin da ke iya tara kuɗin lasifika da sola ya kamata ya iya sayen injin zuƙe ƙura guda ɗaya, ya ware wa ladan ko wani matashi ɗan alawus ya riƙa bi da shi, ya kuma sa wanki cikin lissafin shekara. Mai niyyar sadaka ma zai iya duba wannan ɓangaren, ko da yake ba ya ɗaukar ido kamar sabon kafet.

Batun tsarki kuma na nan, a masallaci da gida baki ɗaya, musamman gidan da ke da yara. Malaman Malikiyya, mazhabar da akasarin Musulmin wannan yanki ke bi, sun yi bayanin cewa hukuncin najasa ba ya gushewa sai da ruwa tsarkakakke, wanda wani abu bai canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ba. Ruwan da omo ya canza na iya kawar da ƙazantar da ake gani, amma tsarki sai an bi da ruwa zalla. Wannan na nufin irin wankin da wasu ke tallatawa na kumfa ko hoda, wanda ake gogawa a bari ya bushe a zuƙe, yana iya gyara fuskar kafet amma bai warware matsalar wanda yaronsa ya yi fitsari a inda ake sallah ba. Wajibi ne mai kaya ya nuna wurin, wajibi ne mai wanki ya ɗauraye shi da ruwa har ya ratsa. Ko ta fuskar wari ma haka ne. Fitsarin da ya daɗe yana nutsewa har baya, in aka wanke sama kawai, zarnin zai dawo da zarar damina ta sauka.

Wani abin da ake tsammani daga ƙwararre, wanda kuma ya yi ƙaranci, shi ne ya iya cewa wannan ba zai fita ba. Ba kowane tabo ne datti ba. Inda garwashin kasko ya faɗo ya narkar da zare, ƙuna ce, babu sabulun da zai mayar da ita. Inda maganin farin kaya ya ɗiga, launin ne ya tafi. Lalle rini ne, kuma yadda yake kama fata da gashi haka yake kama ulu. Zoɓo da kurkur da manjan da suka yi watanni suna iya raguwa, ba lalle su ɓace ba. Jini in aka zuba masa ruwan zafi ƙara kamawa yake yi. Mai wankin da ya duba kafet tare da mai shi kafin ya ɗauka, ya nuna masa waɗanda za su fita da waɗanda za su rage da waɗanda sai haƙuri, ya kare kansa daga rigima, ya kuma sayi amana. Wanda ya bugi ƙirji ya ce zai dawo kamar sabo, shi ne zai je ya yi ta zuba magunguna masu ƙarfi har ya ƙone wurin.

Magungunan nan su ma abin tambaya ne. Haɗa maganin farin kaya da wasu sinadaran wanki, musamman masu tsami irin na wanke banɗaki, na fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, kuma samarin da ke aikin, galibi ba takalmi ba safar hannu, su ne na farko da za su shaƙa. Mafi muni shi ne masu fesa wa kafet fiya-fiya da sunan kashe kuɗin cizo. Wannan maganin ƙwarin gona ne, haɗarinsa ne ma ya sa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irinsa a kasuwanni a 2019. Bai kamata ya kusanci shimfiɗar da yaro zai kwanta a kai ba. Kuɗin cizo kuma a gado da katifa da tsagar bango yake ɓuya, wankin kafet kaɗai ba ya raba gida da shi, duk wanda ya yi wannan alƙawarin ciniki kawai yake nema.

Adalci ne kuma a juya ga masu kayan, domin wani ɓangare na ɓarnar daga gare su yake. Mutum zai bar kafet shekara uku bai ga injin ƙura ba, ya kawo shi ana saura kwana biyu Sallah, ya taya rabin kuɗin da aka faɗa, ya kuma ce gobe da yamma yake so. Mai wankin da ke biyan haya da ruwa da fetur da yara, in ya karɓi aikin a haka, a ɗauraya da shanya zai fanshe. Araha ba ta ado. Wanda ke son aiki mai kyau ya kai kayansa tun cikin Sha'aban, ko bayan hunturu ya wuce kafin ruwa ya sauka, lokacin da babu layi kuma rana na da ƙarfi. Sannan abin da ya zube a goge shi nan take, a danna da busasshen tsumma ya tsotse, kada a cuɗa ya bazu.

Ciniki ma ya kamata ya fita daga ƙiyasin ido. A auna tsawo da faɗi: kafet mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ne, a yi farashi a kan haka, a kuma fayyace ko ɗauka da dawowa na ciki, ko cire tabo na da kuɗinsa daban. A karɓi rasit mai ɗauke da launi da girma da ranar karɓa, a ɗauki hoton kafet ɗin gaba da baya da waya kafin ya bar gida. Musanya da ɓata na faruwa a lokacin cunkoso, kuma ba kullum da mugun nufi ba, kafet ja mai fure ya yi yawa a gari. Mai kaya ya sani cewa doka na bayansa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta shafi ayyukan hidima kamar yadda ta shafi kaya, wasu jihohi irin su Kano suna da tasu hukumar, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki. Amma duk waɗannan hujja suke nema, kuma wanda ba shi da rasit ko hoto, bakinsa ne kawai da na mai wanki.

Idan kuma gida za a shigo a yi aikin, akwai abin da ya wuce kafet. Yawancin masu tallata wannan hidima yanzu a Instagram da WhatsApp ake samunsu, hoton kafin da na bayan wanki kuwa kowa na iya ɗaukowa daga ko'ina. Shigar da baƙin maza uku ko huɗu har ƙuryar ɗaki, a gidan da mata da yara ne kawai da rana, ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani. A san shagonsu ko ofishinsu, a nemi wanda suka taɓa yi wa aiki, a sa ranar da maigida ko wani babba zai kasance. Kamfanin kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, wasu ma da suka fahimci al'adar wurin suna ɗaukar mata ma'aikata domin shiga cikin gida, kuma wannan dabara ce da ta cancanci a kwaikwaya.

Su kansu masu sana'ar suna da gyaran da za su yi wa kansu tun kafin hukuma ta waiwaye su. Kusan kowace sana'a a kasuwannin Arewa, daga teloli zuwa makanikai, tana da ƙungiya da shugabanni da ke sasanta rigima. Masu wankin kafet, da yawansu reshe ne na wankin mota ko wanki da guga, ba su da wani mizani da aka sani. Ƙungiya za ta iya koya wa yara bambancin zare, ta tsayar da ƙa'idar biyan diyya in an lalata kaya, ta kuma hana sakin ruwan omo yana kwanciya a kan titi yana cin kwalta. Matashin da ya mallaki injin zuƙa da fanka biyu da rumfar shanya, ya kuma iya faɗa wa mutane gaskiya, yana da kasuwa a masallatai da makarantu da otal-otal da ba ta ƙarewa da Sallah.

Ranar karɓar kaya kuwa, kada a bari a sauke kafet a naɗe a juya. A warware shi a gaban wanda ya kawo. A tura yatsu har gindin zare a ji ko da sanyin laima, a juya bayansa a shinshina, domin a can wari ke fara ɓuya, turare kuma a sama ake fesa shi. A lanƙwasa gefe ɗaya a buɗe zaren a ga ko akwai yashi a ƙasa, a goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a ga abin da zai ɗauko, a gwada tsawonsa da wurin da aka ɗauke shi. In ɗaya daga cikin waɗannan bai yi ba, a mayar da shi a sake, cikon kuɗin kuma ya jira har sai an dawo da shi a bushe.